Yadda Ake Saye Ko Hayar Dokin Hawa Mai Asali A Zariya

Da zarar azumi ya raba tsakiya, zancen doki yake tashi a Zariya. Daga Kwarbai zuwa Tudun Wada da Sabon Gari, matasa na lissafin wanda za su hau ranar Hawan Sallah da Hawan Bariki da Hawan Daushe, dillalai kuma suna yawo da hotunan dawaki a waya. A 'yan shekarun nan an samu wani sabon buri: kowa so yake a ce nasa Torobired ne, dogon dokin tseren nan na Ingila. Ina ƙaunar doki, shi ya sa raina yake ɓaci in na ga mutum ya zuba dukiyarsa a kan suna, bayan wata uku dabba ta rame a turke, mai ita ya rasa yadda zai yi da ita. Ga hanyar da nake ganin ta fi tsare aljihunka, ta kuma tsare dokin.

Ka fara sanin aikin da zai yi maka

Kafin ka kira dillali ko ɗaya, zauna ka amsa wa kanka: kilisar yamma kake so, ko hawan Sallah, ko sukuwa, ko ƙwallon dawaki? Masu shirya tsere a Arewa sukan kasa dawaki gida-gida, akwai ɗan Arewa, akwai Talon, akwai ɗan Sudan, sannan Torobired, kuma ba don ado suka yi haka ba. Kowanne da ƙarfinsa da halinsa da abin da yake iya jurewa.

Torobired an gina shi ne don gudu. Yana da zafin rai, fatarsa siririya ce, ƙasan kofatonsa ba kauri, ga ci. In hawan Sallah kaɗai ne a ranka, inda za a ɗora masa kayan ado masu nauyi, ya yi sa'o'i a kan kwalta cikin rana, ga kakaki ga algaita ga 'yan bindiga suna barin wuta a gefensa, to ingarman gida da ya saba da taro ya fi maka shi nesa ba kusa ba. Wanda bai daɗe da fara hawa ba kuma, kada ya soma da ɗanyen doki. Ya nemi wanda ya kai shekara 7 zuwa 12, wanda ya gama ƙuruciya, in son samu ne fiɗiyayye ko goɗiya mai sanyin hali. Na san a wurinmu ingarma ake alfahari da shi, amma 'yan ƙwallon dawaki da suke wuni a kan sirdi goɗiyoyi da fiɗiyayyu suka fi hawa, kuma sun san abin da suke yi.

Wane ne Torobired na gaske

Nan ne ake yawan cin kuɗin mutane. Wannan iri ya samo asali ne a Ingila, daga ingarmu uku da aka kai can daga ƙasashen Gabas tsakanin ƙarshen ƙarni na 17 da farkon na 18, kuma tun 1791 ake rubuta zuriyarsu a littafin asali. Doki ba ya shiga wannan littafi sai uwarsa da ubansa duka suna ciki. Saboda haka tsawo ko siririn wuya ba su ne shaida ba, takarda ce shaida.

Na gasken yana zuwa da fasfo, ɗan littafi mai ɗauke da sunansa, shekarar haihuwarsa, iyayensa, zanen jikinsa da ke nuna farin goshi da farin ƙafa da wuraren da gashi ya murɗe, da kuma tarihin allurar rigakafi. Yawancinsu an dasa musu 'yar na'ura mai lamba a cikin wuya ta ɓangaren hagu, wadda likita zai iya karantawa ya gwada da lambar da ke fasfo. Tsawonsa a kafaɗa yakan kai wajen santimita 160 zuwa 165, wasu su wuce. Ka riƙe fasfon a hannu, ka tsaya gaban dokin, ka bi zanen ɗaya bayan ɗaya. In takarda ta ce ƙafar baya ta dama fara ce, kai kuma ka ga ta hagu, to takardar wani doki ce.

Da yawa daga dawakin da ake kira da wannan suna a bargoginmu masu jinin gauraye ne, ko 'yan Sudan masu kyan ƙira, ko dawakin ƙwallo da aka shigo da su daga Ajantina. Ba aibi ba ne. Sau da yawa ma mai rabin jini ya fi dacewa da ƙasarmu, don ya gaji tsawo da sauri ta wani gefe, ya gaji juriya ta ɗayan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka biya kuɗin mai takarda a ba ka marar takarda. In babu fasfo, a yi ciniki a kan abin da ido ya gani kawai.

Lissafin riƙo kafin lissafin saye

Kuɗin saye sau ɗaya ake biya, ci kuwa kullum ne. Doki mai nauyin kilo 450 yana bukatar busasshen abinci wajen kilo 9 zuwa 11 a yini, kuma mafi yawansa ya zama ciyawa da harawa, ba hatsi ba. Ruwa lita 25 zuwa 50, a zafin Maris da Afrilu ya fi haka. Ka je kasuwa da kanka ka tambayi kuɗin damin harawar wake da ta gyaɗa, da buhun dusa, da gero ko dawa, ka ninka har wata 12. Ka tuna harawa a kaka take araha, in bazara ta yi sai ta yi tsada ta kuma yi wuyar samu, don haka kana bukatar rumfar da za ka tara ta ba tare da ruwa ya taɓa ta ba. Ƙara albashin yaron barga, da mai yankan kofato duk mako 6 zuwa 8, da maganin tsutsar ciki, da rigakafi, da wani abu da za ka ajiye don ranar da ciwo zai zo da tsakar dare.

Ɗakinsa kada ya gaza mita 3.6 kowane gefe, mai iska, mai inuwa, ƙasa ba santsi. In lissafin nan ya yi maka nauyi, tsallaka zuwa batun haya a ƙasa. Ba abin kunya ba ne.

Inda za ka nema

Torobired mai takarda ba a cika samunsa a tsaye a kasuwa ba. Hannu da hannu yake tafiya, tsakanin masu tsere da 'yan ƙwallon dawaki na Zariya da Kaduna da Kano da Katsina. Ka riƙa zuwa filin folo, wato ƙwallon dawaki, da yamma, ka gaisa da yaran barga, su ne suka san dokin da maigida yake son rabuwa da shi, kuma su ne suka san dalili. Bargogin hakimai da masu riƙe da sarauta a cikin birni ma wuri ne na samun labari. In dokin gida ko na ƙetaren iyaka kake so, kasuwar Maigatari ta jihar Jigawa, wadda ke ci ranar Alhamis, ta yi suna wajen dawaki.

Ko ina za ka, tafi da wanda ya fi ka sanin doki kuma ba shi da ko sisi a cinikin. Dillali yana da amfaninsa, amma la'adarsa ba ta fitowa sai ciniki ya faɗa, don haka ba shi zai nuna maka aibi ba. Hoto da bidiyo na waya kuwa, kallo ne kawai. Kada ka tura kafin alƙalami a kan dokin da ba ka shafa ba, wannan cinikin biri a sama ne. Lokaci ma yana da tasiri: gab da Sallah farashi yake hawa, bayan an sauka daga hawa masu neman rage baki a barga sukan sassauta.

Duba dokin

Wannan ne zuciyar aikin, kada ka yi masa gaggawa. Je da sassafe, kafin lokacin da kuka yi alkawari, don ka same shi a turke ba a motsa shi ba. Dokin da aka riga aka zagaya da shi jikinsa ya yi ɗumi yana iya ɓoye ɗingishi. In ka tarar da shi da gumi ko da sirdi a baya, ka ce za ka dawo gobe.

Tsaya nesa tukuna. Yaya yake tsayuwa? Hutar da ƙafar baya ba komai ba ne, amma dokin da yake miƙa ƙafar gaba yana ɗage mata nauyi, akwai ciwo a wurin. Dubi bakin kwamin cin abincinsa da ƙofar ɗaki: in duk an gwaigwaye itacen, wataƙila yana da halin cizon katako yana haɗiyar iska, kuma masu wannan hali sun fi yawan ciwon ciki. Dubi kashinsa, ya zama dunƙule-dunƙule mai ɗan laushi. Ka sa a ba shi ruwa a gabanka. Wanda ya afka wa bokiti kamar bai sha ba tun jiya, mai yiwuwa an hana shi ruwa ne don ya yi laushi ya zama kamar mai ladabi.

Sannan ka matso ta gefen kafaɗarsa, kana yi masa magana. Ido ya zama garau, ba hawaye, ba farin gajimare. Hanci ba majina mai kauri. Ɗaga leɓe ka ga dasashi: ja-ja mai haske ake so. In ya yi fari fat ko ya yi rawaya, ka yi zargin ciwon da kaska ke sawa, wanda ya yi yawa a ƙasar nan. Danna dasashin da yatsa, launin ya dawo kafin daƙiƙa 2. Lafiyayyen doki a hutawa zafin jikinsa yana tsakanin 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salshiyos, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16.

Shekaru a baki ake karanta su, ba a bakin mai sayarwa ba. Haƙoran gaba na tsakiya suna famfara a shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi, in ya cika 5 baki ya kammala. Daga nan baƙin ramin da ke kan haƙoran ƙasa yake shafewa a hankali, na tsakiya wajen shekara 6, na biye 7, na gefe 8. Wajen shekara 10 wani layi mai duhu yakan fara saukowa daga dasashi a jikin haƙorin sama na gefe, ya kai rabin haƙorin wajen 15. Tsohon doki haƙoransa dogaye ne, sun karkato gaba. Ƙiyasi ne, amma ya isa ya tona wanda ya ce maka shekara 6 alhali an doshi 16.

Bi bayansa da tafin hannu kana ɗan dannawa. In ya lanƙwashe ko ya kwantar da kunne, bayan na ciwo. Tabon farin gashi a wurin zaman sirdi alamar tsohon miki ne. Duba wuya da ƙirji da ƙafafu ko akwai ƙuraje da suka jeru a layi suna fitar da mugunya. In ka ga wannan, juya kawai, kuma ka wanke hannunka kafin ka taɓa wani doki, don ciwo ne mai yaɗuwa mai wuyar magani.

Ƙafa kuwa, ita ce dokin. Shafa kowace daga gwiwa zuwa kofato, kana gwada dama da hagu. Kana neman zafi, kumburi, ko ƙari. Jijiyar da ke bayan ƙwaurin gaba ta zama miƙaƙƙiya mai tauri. In ta yi tudu ta bankaro, ta taɓa yagewa, kuma wannan shi ne ciwon da ya fi fitar da dawakin tsere daga fili, ya jefo su hannun masu sayarwa da araha. Ɗaga duk kofatai huɗu. Dokin da ya ƙi ba da ƙafa zai wahalar da kai duk ranar yankan kofato. In an shafe kofato da mai ko laka ta rufe shi, sa a wanke, don tsaga a nan take ɓuya. Zobba masu zurfi da suka kewaye kofato, waɗanda suka fi buɗewa ta dunduniya, suna nuna ya taɓa kumburin cikin kofato, abin da yawan hatsi ke jawowa, kuma yakan dawo.

Yanzu a ja shi da ragama a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo, da tafiya sannan da sassarfa, igiya a sake. Kalli kansa: in yana ɗaga kai duk lokacin da wata ƙafar gaba ta taka ƙasa, ita ce mai ciwon. A zagaya da shi dama da hagu, a sa shi ya ja da baya.

Hawan gwaji da likita

Mai shi ko yaronsa ya fara hawa kana kallo. In suka yi ta kawo uzuri, ka gane. Ka lura da yadda yake karɓar linzami da yadda yake yi in an ja majayi. Bayan ya yi sukuwa, saurari numfashinsa. Dogayen dawaki irin Torobired sukan samu matsalar maƙogwaro da ke sa su fito ko gurnani in suna jan iska, kuma hakan na rage musu ƙarfi. Daga nan kai ma ka hau, ka fita da shi daga gida shi kaɗai, ka bi inda babura da Keke Napep suke wucewa, ka ga ko yana tutsu, ko yana ƙin rabuwa da 'yan uwansa.

In ya kwanta maka, kada ka biya tukuna. Kira likitan dabbobi wanda kai ka ɗauko, kai za ka biya. Mu a Zariya Allah ya hutar da mu, ga asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Likita zai saurari zuciya da huhu, ya lanƙwasa gaɓoɓi na ɗan lokaci ya sa a yi sassarfa, ya ɗebi jini, ya karanta na'urar wuya in akwai. Akwai allurar kashe zafi da ke ɓoye ɗingishi na yini guda ko fiye, akwai ta kwantar da hankali, shi ya sa nake ba da shawarar ka ga doki a ranaku biyu mabambanta, ko ka roƙi a bar maka shi gwaji na mako guda bisa sharaɗi a rubuce. Mai gaskiya ba ya jin tsoron wannan.

Ciniki

A yi shi cikin mutunci. Ba a kushe dokin mutum a gaban yaransa. Ka ce, "Alhaji, doki ya yi, sai dai likita ya ga abu kaza a ƙafar hagu. A sa masa suna mu ji." In ka taya ya ce "Albarka," ka ƙara abin da za ka iya, in ya wuce iyakar da ka yanke tun daga gida, ka yi godiya ka tashi. Tun kafin a fara, a fayyace la'adar dillali nawa ce kuma wa zai biya.

In ya ce ya sallama, a rubuta. Takardar ta ƙunshi sunan mai sayarwa da mai saye, kamannin dokin da launinsa, ko akawal ne ko hurde ko kili, da alamominsa, da shekarunsa, da kuɗin da aka biya, da duk aibin da aka bayyana, da kwanakin da aka yarda za a iya mayarwa in wani ɓoyayyen aibi ya fito. Shari'a ta ba mai saye wannan haƙƙi, amma rubutu ke hana musu. Shaidu biyu su sa hannu, a ɗauki hoton dokin ta gefe biyu da ta gaba. Tambayi daga hannun wa ya fito, in ba ka natsu ba a je gaban mai unguwa, don dokin sata yana iya kai ka ofishin 'yan sanda. Ka biya ta banki saboda shaida, kuma fasfo ya biyo doki a ranar, ba "sai an nemo" ba.

In haya za ka yi

Ga mafi yawan masu sha'awa, nan ya kamata su fara. Akwai hayar hawa ɗaya ko ta kwanakin Sallah, akwai ta wata-wata inda doki yake zaune a bargar mai shi kana zuwa kana hawa, akwai kuma wadda za ka ɗauke shi zuwa gidanka ci da sha duk a kanka. Ta biyun ta fi sauƙi ga sabon shiga, don za ka koyi riƙo a hannun waɗanda suka iya, ka kuma ga ainihin abin da doki ke ci a wata.

Duk dubawar da na lissafa a sama, ka yi ta ko da hayar yini ce, ka ɗauki bidiyon jikinsa a gaban mai shi kafin ka karɓa. A rubuta kwana nawa, nawa ne, wa zai hau, ina da ina za a je, ko an yarda a yi sukuwa da zamiya, ko sirdi da kayan ado da zagi suna cikin kuɗin, wa zai biya likita. Sai babbar tambayar da mutane ke jin nauyin yi: in ya karye ko ya mutu fa? Malaman fiƙihu sun ce ɗan haya amintacce ne, ba ya biya sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare abin da aka yi sharaɗi. To a fayyace sharaɗin tun ana dariya. Na Sallah kuma a kama shi da wuri, ka hau shi sau da dama kafin ranar, kada ku fara sanin juna a Ƙofar Doka cikin taro.

Makonnin farko a gida

A ɗauko shi da sanyin safiya a motar da aka zuba wa yashi ko ciyawa a ƙasa. In akwai wasu dawaki a gidan, ware shi mako 2 zuwa 3, da bokitinsa daban. Karɓo abincin da ya saba da shi na 'yan kwanaki, ka sauya a hankali cikin kwana 7 zuwa 14, domin sauyin gaggawa ke kawo ƙullewar ciki. Hatsi kaɗan-kaɗan sau 3 a yini ya fi tuli guda. Kada dusa ta rinjayi harawa, yawanta na raunana ƙashi har fuska ta kumbura. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. Gishiri ya kasance kusa da shi, kanwa kuma a yi ta da awo.

Sirdinmu na gargajiya an sassaƙa shi ne a kan bayan dokin gida. Torobired yana da ƙashi mai tsini a gindin wuya, inda gaban sirdi ke zama, kuma cikin hawa ɗaya sirdin da bai dace ba zai iya fasa wurin. A gwada, a ƙara zubuka, in bai zauna ba a nemi wani. Haka linzaminmu mai kaifi: dokin da aka hora da linzami mai sauƙi in ka sa masa shi ka fizga, miƙewa zai yi tsaye.

Likita ya yi masa allurar tetanus, ya tsara maka maganin tsutsa da na kaska, ku kuma yi maganar rigakafin annobar dawakin Afirka kafin ruwa ya sauka. Wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba ke yaɗa ta, ta fi tsanani da damina, kuma dokin da aka shigo da shi daga waje ya fi na gida saurin mutuwa da ita. Daga Mayu zuwa Oktoba a shigar da shi ɗaki kafin faɗuwar rana, a sa raga mai ƙananan idanu a tagogi, a kawar da kashi da ruwan da ke kwanciya kusa da barga. In ka ga zazzaɓi, ko ramin da ke saman idonsa ya cika ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, kira likita a wannan sa'ar, kada ka jira gari ya waye.